Ciwon Kunne da Toshewar Indararo

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro cikin watan Agusta ya san darajar indararo. Muddin yana zuba, maigida na barci da minshari. Ranar da ganye da ƙasa suka toshe shi, ruwa zai kwanta a kan rufi, ƙasa ta jiƙe, azara ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, kafin asuba a fara neman kwanon tarar yoyo.

Haka ginin kunnen ɗan Adam yake. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska a ciki, kuma indararonsa ɗaya ne tak: siririyar hanya da tsawonta bai kai santimita 4 ba, wadda ke sauka zuwa bayan hanci. Sai dai shi wannan ɗaki daminarsa hunturu ce. Idan ƙura ta taso mura ta kama mutum, hanyar sai ta kumbura ta toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, mugunya ta riƙa danna dodon kunne. Wannan dannawar ce zogin da ke sa magidanci mai furfura ya dafe kai yana salati. Da dare ya fi tsanani, domin kwanciya na ƙara hana ruwan sauka.

Kuma dare shi ne matsalar mutumin Badarawa ta jihar Zamfara. A halin da hanyoyin yankin suke ciki, ba wanda zai hau babur tsakar dare ya nufi asibitin Shinkafi ko na Ƙauran Namoda saboda kunne. Dole a san yadda za a kai safe.

Abu na farko shi ne rage nauyin ciwo. Babba zai iya shan farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya biyu, ya maimaita bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Ibuprofen ma yana taimakawa idan an ci abinci, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu su bar shi. A tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a matse sosai, a ɗora a kan kunnen. In za a kwanta a tada kai da matashi biyu, kunnen mai ciwo yana sama. Haɗiyar yawu da hamma da kurɓar ruwan ɗumi suna motsa bakin hanyar nan, wani lokaci har a ji ta ɗan buɗe. Sau da yawa ciwon kan lafa da kansa cikin kwana biyu zuwa uku.

Abu na biyu shi ne kame hannu. Ba mai hankalin da zai ga rufinsa ya jiƙe ya ɗauko sanda yana zungurar sa, ko ya hau sama ya ƙara tuttula masa ruwa. Amma abin da muke yi wa kunne ke nan. Wannan ya sa tsinken ashana, wancan gashin kaza, wani makullin babur. Masu zuwa sannu kowa da nasa: a ɗiga man ja, a matsa ruwan albasa, a zuba turare. Duk ba wanda zai isa inda ruwan yake, tunda dodon kunne ya tare. In kuwa ya riga ya huje, to an shigar da ƙazanta har ƙuryar ɗaki. Ko maganin ɗigawa na kemis ba kowanne ya dace da hujajjen kunne ba. Irin su jentamaisin na iya taɓa ji.

Akwai ciwon da ba a cikin ɗakin yake ba, a yaɓen waje yake, wato fatar ramin kunne, wadda susa ko ruwan wanka a gulbin Gagare kan jawo. Alamarsa, in an ja kunnen sai zafi ya ƙaru. Wannan maganin ɗigawa yake so, wancan na ciki kuwa wani lokaci sai da na sha. Mai leƙawa da fitilar duba kunne shi ke iya bambance su, ba maƙwabcin da ya rage kafso daga rashin lafiyarsa ta bara ba.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne ranar da zogi ya ɗauke farat ɗaya, aka ga mugunya a kan matashi. Sai a ce alhamdu lillahi, ciwo ya fashe. Nauyi ya sauka, gaskiya ne, amma ta ɓulin rufi ya sauka. Hujin kan toshe da kansa cikin makonni idan an bar wurin a bushe. Don haka a toshe kunnen da auduga mai ɗan basilin lokacin wanka, a yi shafar kunne a alwala ba tare da ruwa ya shiga ba, a daina fyace majina da ƙarfi.

Wasu alamun kuma na kiran magini ne, ba na tara kwano ba. Zazzaɓi mai zafi, kumburi a bayan kunne, jiri da amai, karkacewar baki, ko mugunyar da ta haura mako biyu, duk na asibiti ne. Mai ciwon suga kada ya jira ko kwana ɗaya. In wuya ya sandare ga ciwon kai, a tafi da wuri: mutanen Zamfara ba su manta da annobar sanƙarau ta 2017 ba, kuma ciwon kunnen da aka yi wa sakaci na iya haurawa zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ya gagari ƙaramin asibiti akan tura shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Mazanmu na ganin ciwon kunne na yara ne, babba sai ya daure. Dauriya kan kai mutum safiya, amma ba ta mayar da jin da ya tafi. In kwana uku suka cika ba sauƙi, a bar gona da kasuwa na yini ɗaya a je a duba.