Teburin bashi bai ɓace ba, ɓoye shi aka yi

Ranar 16 ga Oktoba, 2019, tankar mai ta kife a Upper Iweka da ke Onitsha, wuta ta bazu har Kasuwar Ochanja ta lashe shaguna. Asarar kaya da zafi, amma idan littafin bashi ya ƙone, ɗan kasuwa bai ma san wa zai bi ba. Irin wannan fargaba ce ke sa ɗan kasuwa, mu kira shi Alhaji, ya nemi yaron da ya iya kwamfuta ya zuba masa lissafi a rumbun bayanai.

Mu ce yaron ya zaɓi PostgreSQL, manhajar da ta samo asali daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1986. Ya raba rumbun gida biyu, abin da masana ke kira schema: sashen onitsha da sashen kano, kowanne da teburinsa mai suna bashi. Washegari ya buɗe psql, inda ake rubuta umarni da hannu, ya buga \dt don ganin tebura, sai allo ya ce babu ko ɗaya. Nan gaba ke faɗuwa.

Komai na nan. Umarnin \dt yana nuna abin da ke kan hanyar bincike ne kawai, wato search_path, wadda tun asali sassa biyu ke cikinta: mai sunan wanda ya shiga, sai public. Kamar kanta ne: na gaba ake gani, sauran na sito. Buga \dt *.* sai duka su fito, har da teburan manhajar kanta.

Tarkon da ya fi wannan muni shi ne idan an ɗora sassan biyu a kan hanyar. Teburin bashi ɗaya ne zai bayyana, na sashen da ke gaba, ɗayan kuwa ya shiga bayansa. Haka yaro zai rubuta bashin mai takalmi na Ochanja a lissafin Kano, manhaja ba za ta ce uffan ba, don a wurinta bai yi kuskure ba.

Da yawa suna rubuta SET search_path a fayil ɗin .psqlrc, wanda psql ke karantawa duk lokacin da aka buɗe shi. Yana aiki, amma ban ba da wannan shawara ba. Fayil ɗin na kwamfuta ɗaya ne, manhajar da ke buga rasit kuma ba ta san da zamansa ba, sai ido ya ga wani tebur, rasit ya tafi wani. Gara a ɗaura tsarin a jikin mai shiga da ALTER ROLE, ko a kan rumbun gaba ɗaya da ALTER DATABASE. Amma sai an fita an sake shiga canjin ke kamawa.

Kada kuma Alhaji ya ɗauka ɓoyewa kullewa ce. Yaron shago da ke da izini, in ya rubuta kano.bashi, zai karanta komai ko da \dt bai nuna masa ba. Hanawa aikin REVOKE ne, bayarwa na GRANT. Masu manhajar ma sun ƙara ɗaure wannan ɓangare: daga fitowa ta 15 a Oktoban 2022, ba kowa ke iya ƙirƙirar tebur a sashen public ba. Sai dai tsohon rumbun da aka ɗaga zuwa sabuwar fitowa yana nan da tsohon izininsa har sai an cire da hannu.