Taron masu son barin giya: mi ne ne, kuma yaya ake samun shi?

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kuɗin wake da gujiya sun shigo hannu. Ga wasu gidaje, wannan lokacin murna ne. Ga wasu kuwa lokacin fargaba ne, domin mai gida mashayi ne. Dami ɗaya yau, dami biyu gobe, kafin bazara rumbu ya ƙare, iyali suna kallo.

Giya idan ta kama jikin mutum, ta zama ciwo. Tana lalata hanta, tana kawo hawan jini, tana jawo haɗari bisa hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2019 kaɗai, giya ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 2 da dubu 600. A ƙasarmu mashayi yana ɓoyewa saboda kunya. Ya yi rantsuwa shi kaɗai, ya karya ta shi kaɗai. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi ma masu karatu bayanin wata hanya da ta taimaki mutane da yawa.

Asalin abin

A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Bil Wilson ya zo neman wata harka, ba ta yi kyau ba. Ya yi wata biyar bai sha ba, sai ya ji sha'awar giya ta taso mishi. Maimakon ya shiga gidan giya, sai ya nemi wani mashayi da za su yi magana. Aka haɗa shi da wani lokotoro mai fiɗa, Bob Simit, wanda giya ta kusa kashe ma aiki. Suka gane cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya ɗanɗani irin wahalarsa. Daga nan aka kafa ƙungiyar da ake kira Alkolik Anonim, ko AA a taƙaice, wato mashayan da ba a bayyana sunansu. A 1939 suka buga littafinsu mai matakai 12. Ƙungiyar ta bazu cikin ƙasashe wajen 180. A 2020, masana sun haɗa bincike 27 da aka yi kan mutane fiye da dubu 10, suka ga wannan hanya tana taimakon mutane su daina sha, sau da yawa har fiye da wasu hanyoyin.

Yadda taron yake gudana

Mun san gayya: gonar da ta gagari mutum ɗaya, jama'a suna nome ta kafin azahar. Haka wannan taro yake.

Sharaɗin shiga ɗaya ne: mutum ya zama yana son barin sha. Ba a biyan kuɗin shiga. Ana zama kamar awa ɗaya. Kowa ya faɗi sunansa na fari kaɗai, ya ba da labarinsa, saura su saurara. Ba a katse mai magana, ba a yi mishi gori. Baƙo yana iya yin shiru a ranar farko. Abin da aka faɗa a wurin, nan ake barin shi.

Ba a ce ma mutum ya yi alkawarin shekara. Alkawarin yau kaɗai yake ɗauka: daga safiya zuwa wata safiya ba zai sha ba. Kuma yakan zaɓi wani wanda ya daɗe da barin sha ya zama madogararsa, ya kira shi duk sa'ad da sha'awa ta taso. Wanda ya koma sha ba a korar shi, ya dawo ya sake farawa.

Tun 1951 akwai wata ƙungiya mai suna Al-Anon, domin matan mashaya da danginsu.

Ina za a nema?

Da fari, a je likita mafi kusa a keɓe da majo, a faɗa mishi gaskiya. Aikinsa ya hana shi tona asirin marar lafiya. Shi zai iya tura mutum wurin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na babbar asibiti, a Yamai, Damagaram, Maraɗi ko Tawa. A tambaye su ko sun san wasu da suka bar sha suna haɗuwa.

Mai salula da intanet yana iya shiga taron AA da ake yi daga nesa, har da faransanci. Irin wannan taro ya yawaita tun 2020.

Inda babu taro kuwa, mutum biyu ko uku sun isa su fara. Su zaɓi rana ɗaya cikin mako, da wuri mai sutura, nesa da inda ake saida giya. Su dafa shayi kamar a fada, su riƙe amanar juna.

Gargaɗi

Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya ba da sanin likita ba. Cikin kwana ɗaya zuwa uku, jiki yana iya yin rawa, zufa ta karyo, mutum ya riƙa ganin abin da babu, har ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Wannan yana iya kisa. Idan aka ga haka, a kai shi asibiti nan take. Akwai maganin da ake ba da shi.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta ma wanda yake bukata, a keɓe, ba cikin jama'a ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.