Sun Kwafe Hoton Kayanka Suna Talla Da Shi? Ga Yadda Za Ka Ɓullo Wa Lamarin

Duk mai sayar da kaya ta waya ya san wahalar samun hoto mai kyau. Ka wanke rago, ka ja shi gindin darbejiya, ka jira rana ta yi sanyi, ka ɗauka sau goma kafin guda ya fito yadda kake so. Ka zauna ka tsara bayani: watanninsa nawa, me ake ba shi, nawa ne kuɗinsa. Bayan kwana biyu sai abokinka ya turo maka hoto yana tambaya, "Wannan ba naka ba ne?" Hoton naka ne, rubutun naka ne har da waƙafi, lambar waya ce kaɗai ta canza, farashin kuma ya faɗo ƙasa warwas.

Wannan matsala ta girmi WhatsApp. Dandalin gwanjo na eBay, wanda aka buɗe a Amurka a 1995, ya daɗe yana fama da ita, har ya ware wani tsari mai suna VeRO domin masu kaya su riƙa kai ƙorafin satar hoto da rubutu. Mu a nan gwanjon intanet bai kafu sosai ba. Cinikinmu yana kan Facebook ne, da Jiji, da Instagram, da TikTok, uwa-uba sitatus na WhatsApp. Amma halin ɗaya ne. Hukumar Kwastam ta sha fitar da gargaɗi kan masu tallar gwanjon motoci na bogi da sunanta, kuma jarin waɗannan mutane bai wuce hotunan motocin da ba nasu ba.

A yankinmu abin ya fi tsanani gab da Babbar Sallah, lokacin da masu kiwo daga Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi ke neman masu saye a Abuja da Legas. Haka kuma ga masu tallar riɗi, zoɓo da wake daga kasuwar Dawanau, da 'yan'uwa mata masu ɗora atamfa da leshi na Kantin Kwari.

Masu kwafar iri biyu ne

Kafin ka ɗaga murya, ka gane wa kake fuskanta. Na farko ɗan kasuwa ne ko dillali mai kasala. Yana da irin kayan, ko ya san inda zai samo su, hoton ne kawai ya ji ƙyuyar ɗauka. Wani ma kayanka yake tallatawa, idan ya sami mai so ya zo wajenka ya saya ya ɗora ribarsa. A ganina wannan ba abokin gaba ba ne. Saƙo guda cikin mutunci yakan wadatar: ya cire, ko ku yi yarjejeniyar la'ada ya ci gaba da sanin ka. Dillanci ba sabon abu ba ne a kasuwanninmu, waya ce kawai ta shigo cikinsa.

Na biyu ba shi da ko akuya. Hotonka ne shagonsa. Zai karya farashi, ya ce a tura rabin kuɗi da kuɗin mota, alat na shiga ya toshe lambar. Wannan shi ne abin tsoro, domin asarar ba ta tsaya kan wanda aka damfara ba. Idan fuskarka ko ƙofar gidanku ko allon shagonka sun fito a hoton, kai za a zo nema. Mutumin da ya yi asarar kuɗin layyarsa ba zai tsaya sauraron dogon bayani ba.

Hujjar cewa hoton naka ne

Komai za ka yi daga baya, a nan zai dogara. Duk hoton da kyamarar waya ta ɗauka yana ɗauke da wasu ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF: rana, lokaci, samfurin wayar, wani sa'in har da wurin da aka ɗauka. Ka buɗe hoto a galari ka duba cikakken bayaninsa za ka gan su. Idan ka ɗora hoton a Facebook ko ka tura shi ta WhatsApp, manhajar takan matse shi ta rage masa nauyi, ta kuma goge waɗannan bayanai daga kwafin da jama'a ke gani. Ma'ana ɓarawo yana riƙe da ƙaramin kwafi ne maras tarihi, asalin yana hannunka. Saboda haka kada ka goge asalin don neman fili a waya. Ka ajiye shi a Google Photos ko a katin memori, har da sauran hotuna tara da ba su yi kyau ba, domin su ma shaida ne cewa kai ne ka tsaya a wurin.

Akwai wata dabara mai sauƙi da na fi so. Ka ɗauki hoton da faɗi, sannan ka yanke gefe-gefensa kafin ka ɗora. Duk ranar da aka yi musu, kai kaɗai ne za ka iya fito da cikakken hoton da ke nuna katanga da turken da aka yanke. Wanda ya kwafa ba shi da wannan ɓangaren.

Sai dai a kula. Idan ka tura hoto ta WhatsApp a matsayin fayil, wato ta Document, bayanan nan suna tafiya tare da shi. In wayarka tana saka wuri a hotuna, to ka ba baƙo taswirar garkenka ke nan. Kada ka tura wa wanda ba ka sani ba asalin hoto ta wannan hanya.

Tambari a kusurwa ya daina aiki

Da yawa sukan rubuta sunansu ƙanana a ƙasan hoto su ce sun sa tambari. Yanke shi daƙiƙa biyu ne. In ma ba a yanke ba, wayoyin yanzu suna da abin goge abu daga hoto, irin Magic Eraser na Google Photos da makamancinsa a wayoyin Samsung, yaro ma zai iya. Tambarin da ke ba ɓarawo wahala shi ne wanda ya ratsa kan kayan kansa, a kan zanen atamfar ko a jikin ragon, da haske-haske yadda ba zai rufe kayan ba. Goge irin wannan yakan ɓata hoton. PixelLab, Canva ko Snapseed duk za su yi maka, kuma ka sa lambar wayarka a ciki, ba suna kaɗai ba. Jiji ma yana buga nasa tambarin a tsakiyar hotunan da aka ɗora, ba a kusurwa ba.

Abin da ya fi duka, a nawa ra'ayin, ba ya buƙatar manhaja. Ka rubuta sunan kasuwancinka da lambarka da kwanan wata a kwali da maka, ka jingina shi da buhun ko ka riƙe shi a jikin dabbar. Sannan ka fi ba bidiyo ƙarfi: ka zagaya kayan kana magana, kana faɗin sunanka da garinku da lambarka da bakinka. Za a iya cire sautin, amma bidiyon rago da aka ɗora wa kiɗa ba ya gamsar da mai saye kamar wanda ake jin muryar mai shi.

Rubutu ya fi wuyar karewa. "Riɗi fari, buhu kaza, naira kaza" bayani ne da kowa zai iya faɗa, babu mai mallakarsa. Amma idan ka tsara dogon bayani da salonka, ka cusa sunan kasuwancinka a tsakiyar jimla, ba a ƙarshe ba. Masu kwafa sukan canza layin ƙarshe ne kawai inda lamba take, ba sa karanta tsakiya.

Yadda za ka gano su

Ka buɗe hoton da Google Lens, zai nemo maka wuraren da irinsa ya bayyana. TinEye ma yana wannan aiki. Don rubutu, ka ɗauki jimla guda da ka san taka ce, ka sa ta tsakanin alamomin zance a Google, ka kuma neme ta a akwatin binciken Facebook. Amma kada ka sa rai da yawa. Waɗannan kayan aiki ba sa ganin sitatus na WhatsApp, ba sa shiga rufaffun zauruka, kuma a can ne yawancin cinikinmu yake. A can idanunka su ne kwastomominka. Ka riƙa sanar da su lokaci-lokaci cewa lambarka ɗaya ce, asusunka ɗaya ne mai suna kaza, duk wanda ya ga kayanka da wata lamba ya turo maka. Ka kuma saba musu da kiran bidiyo kafin su tura kuɗi. Wanda ba shi da kaya ba zai iya nuna su kai tsaye ba, kullum sai ya ce netwok ne.

Kai ƙorafi ta hanyar da ake saurare

Kafin ka yi wa mutumin magana, ka ɗauki hoton allon wayarka: tallar, sunan shafin, lambar waya, lambar asusun banki in ya saka. Ka kwafi adireshin tallar. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma da zarar ya ji motsi zai toshe ka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tara abokai a yi ta danna Report. Yawan dannawa ba shi ne ke sa a cire abu ba. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yana da fom na musamman na ƙorafin haƙƙin mallaka a sashen taimakonsa. A ciki za ka sa sunanka, adireshin tallarka ta asali, da adireshin ta bogin. Mai hoton ne kaɗai ko wakilinsa ke da ikon cikewa. Tsarin ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta sa kamfanonin intanet cire abin da aka sata idan mai shi ya sanar da su, kuma wanda aka yi ta kamawa yakan rasa shafinsa gaba ɗaya. Abu guda da ya kamata ka sani: Meta yakan ba wanda ka kai ƙara sunanka da imel ɗinka. In kana tsoron haka, ka buɗe imel na kasuwanci daban. Idan kuma mutumin ya ɗauki har sunanka da hoton fuskarka, wannan sojan gona ne, yana da nasa zaɓin a wajen kai ƙorafi. A WhatsApp, idan ka kai ƙarar lamba, saƙonni biyar na ƙarshe da ya turo maka ne ke zuwa wa kamfanin, don haka ka bari ya faɗi farashi da lambar asusu tukuna.

Dokar Najeriya ma tana bayanka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar aika wa dandalin intanet sanarwa ya sauke abin da aka kwafa. Hoto yana cikin ayyukan da take karewa, kuma ba sai ka yi rajista ba, haƙƙin yana tabbata ne tun lokacin da ka ɗauka. Gaskiya dai babu mai zuwa Babbar Kotun Tarayya a kan hoton rago, amma ambaton dokar a saƙon gargaɗi yakan sa mai kasala ya cire. Ka tuna kuma haƙƙin na wanda ya ɗauki hoton ne. In daga shafin kamfani ka sauko da hoton waya ko takalmi, ba ka da ƙorafin kaiwa. In ƙaninka ne ya ɗauka da wayarsa, ya turo maka asalin, ku kuma fahimci juna tun wuri.

Da zarar an karɓi kuɗin wani da hotonka, magana ta wuce haƙƙin mallaka, ta zama damfara, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta shafe ta. Wanda aka cuta ya garzaya bankinsa a ranar da rasit ɗin turawar, domin irin wannan kuɗi ba ya kwana a asusu ɗaya. Daga nan sai 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Kai ma ka je da asalin hotunanka ka shigar da rahoto da sunanka, ka kuma sanar da mai unguwa da shugabannin kasuwarku, tun kafin wani ya iso ƙofar gida yana tambayar ina ragonsa.