Fararen ƙurajen da ba sa matsuwa

Ma'aikata da dama sun san wannan yanayi. Mutum yana gaban madubi da sassafe, yana sauri kada cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa ya rutsa da shi, sai idonsa ya faɗa kan wasu 'yan fararen ƙwayoyi a ƙasan ido ko a kan kunci. Ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi, amma sun ƙi gushewa. Abin da hannu ke fara yi shi ne matsawa, kuma daga nan ɓarnar take somawa.

Likitocin fata na kiran su milia, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin gero, kuma duk wanda ya gan su zai yarda sunan ya dace. Girmansu bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Sun bambanta da ƙurajen samartaka, domin babu mugunya a cikinsu. Keratin ne, wato sinadarin da gashi da farce suke ginuwa da shi, ya maƙale cikin wata 'yar jaka a ƙarƙashin fata, jakar kuwa ba ta da baki. Duk matsar da aka yi, babu inda abin zai fita. Fatar da ke kewaye ce za ta ji rauni, kuma a fata mai duhu irin tamu rauni kaɗan kan bar baƙin tabo na watanni, wanda ya fi ƙurjin muni nesa ba kusa ba.

Kusan rabin jarirai sabuwar haihuwa na fitowa da su a hanci da kumatu. Waɗannan ba sa buƙatar magani ko tsaga. Cikin 'yan makonni suke bajewa da kansu.

Na manya ne ke da taurin kai. Wasu kan biyo bayan ƙonuwa ko bororo, wasu bayan shekaru na dukan rana. Akwai kuma man shafawa mai kauri. Da hunturu ya kama Abuja, ga bushewar na'urar sanyaya ofis, mutane kan lafta mai har kan fatar ido, inda fata ta fi ko'ina laushi. Man da ya dace da kaushin ƙafa ba lallai ya dace da nan ba. Abin da ya fi damuwa shi ne mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarin siteroyid, irin su clobetasol, waɗanda NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu. Daɗewa ana shafa su na sirantar da fata, kuma milia na cikin ƙananan illolinsu.

Rigakafin bai da tsada: wanke fuska da sabulu maras ƙarfi, cire kwalliya kafin barci, zaɓar mai maras nauyi, da shafa man kariya daga rana. Likita kan iya rubuta adapalene ko tretinoin domin hanzarta sabunta fata, sai dai suna ɗaukar makonni kafin a ga sauyi, ba a kai su kan fatar ido, kuma mai juna biyu ba ta amfani da su.

Idan sun daɗe, likitan fata kan huda saman kowanne da allura mai tsafta ya fitar da ƙwayar, aikin 'yan mintoci. Wannan ba aikin wanzami ba ne, ba na shagon gyaran gashi ba, balle allurar ɗinki a gida kusa da ido.

Dalili na biyu na ganin likita shi ne, ba kowane tudu a gefen ido ne milia ba. Idan abin shimfiɗaɗɗe ne, mai ruwan ɗorawa, a kan fatar ido ta wajen hanci, yana iya zama xanthelasma, wanda a wasu mutane ke tafiya da yawan kitse a jini. Irin wannan kan sa likita ya fara tura mutum gwajin jini kafin a yi maganar fuska.