Gonar Kan Tudu

Jama'a, mun san yadda kakanninmu suke noma. Mutum ya yi sassabe, ya cinna wuta, ya yi shuka a toka. Bayan shekara 3 ko 4 gona ta gaji. Sai ya bar ta saura, ya sari sabon daji. Kafin ya komo, shekara 15 ko 20 ta wuce, ƙasa ta huta.

Wannan dabara ta yi amfani a zamaninta, don daji da yawa, mutane kaɗan. Yau mun yi yawa. Saura ba ta samun hutu. Mu da ke noma a gangare mu muka fi shan wuya. Wuta ta bar ƙasa tsirara. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya kwashe baƙar ƙasar sama, ya zuba a rafi. In kun ga rafi ya yi ja, to, gonarmu ce ke tafiya. Ƙasar sama mai kaurin inci 1 takan yi ɗaruruwan shekaru kafin ta taru. Amma damina ɗaya tana iya share ta.

Akwai magani? Akwai, kuma ba a nesa ba. Mutanen Sukur, cikin duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, sun jera duwatsu a jikin tudu, hawa hawa kamar matakala. Ruwa ya sauko, ya tsaya, ya shiga ƙasa. A 1999 aka sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya. Kofyar kuma, wajen Shendam, sukan ɗaure awaki da damina, su tara taki, su noma gona guda kowace shekara.

Ga abin da za mu yi:

1. Mu yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare.
2. Mu jera duwatsu a gicciye, su tare ruwa.
3. Mu daina ƙone kara da ciyawa. Mu bar su su rufe ƙasa.
4. Mu haɗa dawa da wake ko gyaɗa, don suna ƙara wa ƙasa ƙarfi.
5. Kada mu sare gawo. Da damina yake kaɗe ganye, ganyen kuwa taki ne.

Aikin da wuya, amma gayya takan sauƙaƙa shi. Mu fara tun da rani, ko layi ɗaya ne. Tare ƙaramin rami ya fi cike kwazazzabo sauƙi.