Matuƙin Jirgin Da Ke Koya Wa Ma'aikatan Asibiti Buɗe Baki

Ran 29 ga watan Maris, 2005, aka shigar da wata mata mai suna Elaine Bromiley, mai shekara 37, ɗakin tiyata a Ingila domin a yi mata ɗan aiki a hanci. Da aka sa ta barci sai numfashinta ya toshe, bututun da ake zura wa a maƙogwaro kuma ya ƙi shiga. Manyan likitoci uku suka dukufa a kanta, wannan ya gwada, wancan ya gwada, har fiye da minti ashirin suka shige iska ba ta isa ƙwaƙwalwarta yadda ya kamata.

Nas-nas ɗin da ke wurin kuwa sun riga sun gane inda aka dosa. Ɗaya ta kawo kayan huda maƙogwaro, ta ce ga su nan, ba wanda ya tanka mata. Wata ta je ta nemo gado a sashen masu tsananin ciwo, da ta dawo ta faɗa, sai aka dube ta kamar ta cika gaggawa, ita kuwa ta koma ta soke gadon. Elaine ba ta farfaɗo ba. Bayan kwana 13 ta rasu, ta bar 'ya'ya biyu ƙanana.

Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne, kuma irin wannan shirun ba baƙo ba ne a sana'arsu. A shekarar 1977, a tsibirin Tenerife, injiniyan jirgin KLM ya tambayi kyaftin ko jirgin Pan Am ya bar titi, gama hazo ya rufe ko'ina. Kyaftin ɗin, wanda babba ne ƙwarai a kamfanin, ya ce ya bari, injiniya bai sake magana ba. Jiragen suka yi karo, mutum 583 suka mutu. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa kamfanonin jiragen sama suka soma horar da na ƙasa ya faɗi damuwarsa ƙarara, na sama kuma ya roƙi a gyara shi.

To, Martin bai nemi a kori kowa ba. Abin da ya nace a kai shi ne a yi bincike irin wanda ake yi in jirgi ya faɗi. Farfesa Michael Harmer ya gudanar da binciken, aka cire sunayen ma'aikatan, aka bar rahoton a fili domin koyarwa. A 2007 Martin ya kafa ƙungiyar Clinical Human Factors Group, ya shiga zagaya tarurrukan likitoci da makarantun nas yana ba da labarin matarsa, alhali bai bar tuƙin jirgi ba.

Mu dai abin da ya fi taɓa mu shi ne bayanin nas-nas ɗin, cewa sun san abin yi, hanyar faɗa ce ta gagare su. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban maigidansa a ofis ya san wannan nauyin baki, wanda mu kan kira ladabi. Ajiye kaya a ce "ga su nan" jirwaye ne mai kamar wanka. Horon jirgin sama ya ce ka kira babban da sunansa, ka faɗi abin da ka gani da abin da kake so a yi, in ya yi shiru ka maimaita. Amma fa a ganinmu rabon babba ya fi yawa, domin shi ke da ikon hukunta mai magana.

Shi ya sa takardar binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta ce kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, a kuma tambayi nas ko tana da abin da ke damunta.