Kiyaye Sahihancin Launi a Hotunan Kayan Al'ada da Ake Ɗorawa a Intanet

1.0 Gabatarwa

A nazarin kayan al'adun Hausawa, launi hujja ne. Marina a Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, suna bambanta shuɗi mai haske da mai duhu gwargwadon yawan tsoma zane a ruwan baba. Idan hoto ya gurɓata wannan bambanci, bayanin manazarci ya raunana. Lamarin ya fi tsanani a yankin Gurbin Bore da Zurmi da Shinkafi, inda matsalar tsaro ke hana mai bincike komawa ya sake ɗaukar hoto. Wannan maƙala ta bayyana dalilin sauyawar launi da hanyar magance ta.

2.0 Dalilin Sauyawar Launi

Kowane ɗigo na hoto yana ɗauke da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, kuma a hoton JPEG kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Lambobin ba su nuna takamaiman launi sai an san ma'aunin da aka yi amfani da shi, kamar yadda mudun wata kasuwa yakan bambanta da na wata. Kamfanonin HP da Microsoft sun fitar da ma'aunin sRGB a 1996, shi ne kuma intanet ta ginu a kansa. Ma'aunin Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, musamman a ɓangaren kore. Ana liƙa wa hoto ɗan bayanin da ke faɗin ma'auninsa, bisa tsarin ƙungiyar ICC da aka kafa a 1993. Idan bayanin ya ɓace wajen fitar da hoto, manhajar buɗe shafuka takan ɗauke shi a matsayin sRGB, sai launukan Adobe RGB su bayyana a koɗe.

3.0 Matakan Kiyayewa

Na farko, a ajiye katin gwajin launi, irin ColorChecker mai gida 24, kusa da kayan yayin ɗaukar hoto, domin hasken rana da na inuwar zaure ba ɗaya ba ne. Na biyu, a adana asalin hoton a tsarin RAW ko TIFF. Na uku, a juya kwafin da za a wallafa zuwa sRGB. Juyawa tana sake lissafa lambobin don launi ya tsaya yadda yake, amma sauya sunan ma'auni kawai yana ɓata shi. Na huɗu, a bar bayanin launin a jikin hoton. Na biyar, a guji aika wa edita hoto ta WhatsApp, domin manhajar tana matse shi, sai dai a tura shi a matsayin fayil.

4.0 Kammalawa

Ya kamata mujallun Hausa su sanya waɗannan matakai cikin ƙa'idojin karɓar maƙala, kamar yadda suke yi wa daidaitacciyar Hausa.